Amsoshin Tambayoyinku: Yadda cinikin filaye ya ɗaga Shikago, ya kuma kayar da ita

Tambaya: Ni ɗalibi ne mai karatun tarihi, mahaifina kuwa dillalin filaye ne. Wani malaminmu ya ce mana birnin Shikago na Amurka, tun yana ƙauye a bakin daji, mutane sun yi arziki da filaye cikin 'yan watanni, daga baya suka wayi gari ba su da ko sisi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wa yake sayar da filayen tun farko? Da wane kuɗi ake saye a wurin da babu banki? Kuma me ya sa farashi ya faɗi alhali garin bai watse ba? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Allah ya ƙara basira, ya kuma yi wa kasuwar Baba albarka. Malaminku ya faɗi gaskiya. Abin ya faru ne tsakanin 1830 da 1842, kuma tambayoyinka uku suna rataye da juna, don haka sai ka yi haƙuri mu bi su daki-daki.

Fara da sanin yadda wurin yake. A 1830 Shikago fadama ce mai laka a bakin Tafkin Mishigan, inda wani ƙaramin kogi yake zuba. Akwai barikin soja mai suna Fort Dearborn da aka fara ginawa a 1803, sai 'yan gidajen katako na fataken fatu. Baƙon da ya fara kafa gida na dindindin a wurin baƙar fata ne, Jean Baptiste Point du Sable, tun ƙarshen ƙarni na 18. Lokacin da aka yi wa garin rajista a Agustan 1833, mutanensa ba su wuce 350 ba. Ba ma'adinai, ba masana'anta, ba hanyar kirki. Abin da wurin yake da shi ɗaya ne. Tazarar 'yan kilomita ce ta raba kogin Shikago da kogin Des Plaines, wanda ke gangarawa kogin Illinois, shi kuma ya faɗa Misisipi. Tun 1825 an buɗe mashigin ruwa na Erie, wanda ya haɗa New York da manyan tafkuna. Saboda haka duk mai duba taswira zai ga cewa idan aka haƙa wani mashigin a wannan tazara, kaya za su taso daga New York su bi ruwa ta tsakiyar ƙasa har New Orleans, kuma dole su ratsa ta wannan fadama. Duk kuɗin da aka zuba a filayen Shikago a shekarun nan, a kan wannan mashigi aka zuba su, alhali ko shebur ɗaya ba a kafa ba tukuna.

To wa ke sayarwa? Gwamnati. Amma kafin ƙasar ta zama ta gwamnati, tana da masu ita, wato 'yan asalin nahiyar, musamman Potawatomi da Ojibwe da Odawa. An karɓe ta daga hannunsu kashi-kashi ta hanyar yarjejeniya: bakin kogin a 1795, zirin da mashigin zai bi a 1816, sannan a Satumban 1833 aka tara dubbansu a Shikago suka sa hannu kan sallama eka kusan miliyan 5 da ke yamma da tafkin. Shekara guda kafin nan aka murƙushe mayaƙan wani jagoran 'yan asalin nahiyar mai suna Black Hawk, don haka kowa ya san abin da ƙin sa hannu zai jawo. Kaso mai tsoka na kuɗin diyyar ma ya tafi aljihun fataken da suka ce suna bin mutanen bashi. Zuwa 1835 aka fara kwashe su zuwa ƙetaren Misisipi. Ni dai ba na iya ba da labarin nan in tsallake wannan gaɓa. Arhar filin da ake ta yabo, wasu ne suka biya ta da gidajensu da kaburburan kakanninsu.

Da ƙasa ta shiga hannun gwamnatin tarayya, sai safiyo ya auna ta bisa tsarin da aka kafa tun 1785. Ana yanka ta murabba'i-murabba'i, kowane yanki mil shida tsawo, mil shida faɗi, a raba shi gida 36, kowane gida eka 640. Gida na 16 a kowane yanki ana ware shi don makarantu. Sauran sai a kai ofishin filaye a yi gwanjo. Dokar 1820 ta sa mafi ƙarancin farashi dala 1.25 kowace eka, kuma kuɗi hannu. Ka lura da bambancin da ke tsakanin wannan da abin da Baba ya saba da shi: a Najeriya, tun dokar 1978, ƙasa tana hannun gwamna ne, mutum izinin mallaka na wa'adi yake samu. A can kuwa wanda ya saya ya saya ke nan, shi da jikokinsa, kuma yana iya sayarwa washegari ba tare da neman izinin kowa ba. Wannan sauƙin juya takarda yana cikin abin da ya hura wutar.

Akwai mai sayarwa na biyu, wato jihar Illinois. A 1827 majalisar tarayya ta ba jihar filayen da ke gefe da gefen hanyar mashigin, a ɗauki gida ɗaya a tsallake ɗaya, don ta sayar ta sami kuɗin haƙa. Hukumar mashigin ce ta sa wani safiyo mai suna James Thompson ya zana taswirar garin a 1830, ya fitar da tituna da fulotai a kan wurin da yawancinsa ciyawa ce da ruwa. Fulotan farko da arha aka sayar da su. A Oktoban 1833 aka yi gwanjon kusan dukan filin makarantu, mil guda murabba'i, a kan dala dubu 38 da 'yan kai. Wannan fili a yau yana cikin tsakiyar kasuwar birnin. Wannan ciniki yana ba ni takaici, domin rabon yaran da ba a haifa ba ne aka sayar da garaje.

Daga 1834 sai abin ya ɗauki zafi. Labari ya kai gabas cewa fulotin da aka saya bara ya ninka sau da yawa bana, sai masu kuɗin New York suka fara aiko wakilai. Ɗaya daga cikinsu shi ne William Ogden. Surukinsa Charles Butler da abokan jarinsa sun sayi wani fili a arewacin kogin a kan dala dubu 100, sai aka turo Ogden a 1835 ya duba. Ya tarar da wurin jagwab cikin ruwa, ya ɗauka an yi asara. Duk da haka ya sa aka share, aka fitar da tituna, ya yi gwanjo a daidai lokacin da ofishin filayen gwamnati ya buɗe a garin baƙi suka cika shi. Kashi ɗaya cikin uku kawai ya sayar ya mayar da uwar kuɗin. Daga nan ya tattaro ya dawo garin da zama.

Wata marubuciya 'yar Ingila, Harriet Martineau, ta ziyarci garin a 1836 ta rubuta abin da ta gani. Ta ce tituna cike suke da masu cinikin filaye suna gaggawa daga wannan gwanjo zuwa wancan. Akwai wani baƙar fata da aka yi wa jajayen kaya, yana kan farin doki riƙe da jar tuta, yana tsayawa a kowace kwana yana shelar lokacin gwanjo, jama'a na yanyame shi. Masu kantuna kuma suna tsaye a ƙofa suna kiran masu wucewa, suna tallar gonaki da fulotai. A watan Yunin shekarar hukumar mashigi ta sayar da fulotai na fiye da dala miliyan ɗaya cikin 'yan kwanaki. Abin bai tsaya kan Shikago ba. Mutum zai sayi daji a farashin gwamnati, ya sa a zana masa taswira mai kyau da tituna da dandali da tashar jiragen ruwa, ya raɗa wa wurin suna, a buga taswirar a kai gidan gwanjo a Shikago ko New York. Da yawa daga waɗannan garuruwa a takarda suka fara, a takarda suka ƙare, wasu fulotan ma a ƙarƙashin ruwa suke.

Yanzu tambayarka ta biyu, wadda ita ce zuciyar maganar: ina kuɗin suka fito? Amsar ita ce, yawancinsu ba su fito ba. Ban da ofishin gwamnatin tarayya, kusan duk cinikin a kan bashi ake yi. Hukumar mashigi kan karɓi kashi ɗaya cikin huɗu a hannu, sauran a biya cikin shekara uku da kuɗin ruwa, kuma masu sayarwa na kansu sun bi irin wannan tsari. Bari in ba ka misali. Mutum ya sayi fuloti dala 1,000, ya ba da 250 kafin alƙalami, ya sa hannu a takardar alkawarin biyan sauran. Bayan wata biyu ya sayar 2,000, ya karɓi 500 da takardar alkawarin 1,500. A lissafinsa ya ci ribar dala 1,000, amma abin da ya ƙaru a aljihunsa 250 ne, kuma har yanzu ana bin sa 750. Sai ya ɗauki kuɗin da takardar ya yi kafin alƙalamin wasu fulotai biyu. Wanda ya saya a hannunsa shi ma haka zai yi. Kafin shekara ta zagayo, fuloti guda yana ɗauke da bashin mutum biyar ko shida, kowa yana jiran na gabansa ya biya kafin ya biya na bayansa, kuma kowa yana kwana da tunanin shi attajiri ne. Malamanmu na fiƙihu da suka yi dogon bayani kan sayar da bashi da bashi, da cinikin da ke tattare da jahilcin abin saye, sun san inda irin wannan sarƙa take kai mutane.

Ko 250 ɗin da aka bayar a hannu, galibi takardar banki ce. A wancan zamani gwamnatin Amurka tsabar kuɗi kawai take bugawa. Takardun kuɗi bankuna ne ke buga su, kowane da nasa, kuma takardar alkawari ce cewa duk wanda ya kawo ta bankin zai ba shi tsabar zinariya ko azurfa. Bankin kuwa yakan buga takardu fiye da tsabar da ke cikin taskarsa, bisa zaton ba kowa zai zo rana ɗaya ba. Akwai wani babban banki, Bankin Amurka na Biyu, da ke taka wa ƙanana burki ta hanyar tattara takardunsu yana kai musu su biya. Shugaba Andrew Jackson ya tsani bankin nan. A 1832 ya ƙi sa hannu kan sabunta lasisinsa, a 1833 ya fara karkatar da kuɗin gwamnati zuwa bankunan jihohi. Da mai taka burkin ya raunana, sai bankuna suka yawaita, takardu suka yawaita.

Ga yadda abin yake zagayawa. Banki ya ba mutum rancen takardunsa. Mutumin ya kai ofishin filaye ya sayi eka ɗari. Ofishin ya kwashi takardun ya ajiye a banki a matsayin kuɗin gwamnati. Bankin ya ga ajiyarsa ta ƙaru, sai ya ƙara ba da rance, wani lokaci ga mutumin nan ɗin, filin da ya saya kuma shi ne jingina. Abin da gwamnatin tarayya ta samu daga sayar da filaye ya tashi daga kusan dala miliyan 5 a 1834 zuwa kusan miliyan 15 a 1835, ya kai kusan miliyan 25 a 1836. Shikago kanta ba ta sami banki ba sai a Disamban 1835, lokacin da Bankin Jihar Illinois ya buɗe reshe. Kafin nan da takardun bankunan nesa ake ciniki, kuma ɗan kasuwa sai ya san wace takarda ce ake karɓa a cike, wace ce ake rage wa daraja, wace ce jabu.

A ƙarƙashin duk wannan hayaniya, kasuwancin gaske ƙanƙane ne. Garin saye yake yi, ba ya sayarwa. Fulawa, gishiri, katako, ƙusa, tufafi, duk ta jirgin ruwa suke zuwa daga gabas, kuma da sanyi ya kama tafki ya daskare, hanya ta rufe sai bazara. Har bakin kogin ma yashi ya toshe shi, jirage a waje suke tsayawa a yi ta jigilar kaya da kwale-kwale, sai a 1834 aka buɗe hanya bayan majalisa ta ware dala dubu 25 don aikin. Manoman da ke kewaye sababbin zuwa ne, abin da suke nomawa bai wuce bakinsu da na baƙin da ke kwararowa ba. Akwai fatu, akwai ɗan naman da irin su Gurdon Hubbard suke sa wa gishiri a ganga, amma ba abin da zai biya ko kusa da kayan da ake shigowa da su. Da kuɗin baƙi masu sayen fuloti garin yake cin abinci. Ka riƙe wannan, domin ita ce amsar tambayarka ta uku.

Faɗuwar daga nesa ta taso. A Yulin 1836, mako guda bayan an yi bikin fara haƙa mashigin, Jackson ya ba da umarni cewa ofisoshin filaye su daina karɓar takardun banki, sai zinariya da azurfa. A daidai lokacin kuma majalisa ta yanke cewa a raba rarar kuɗin gwamnati ga jihohi, abin da ya sa tsabar kuɗi ta yi ta ƙaura daga bankunan New York. A Landan, Bankin Ingila ya ƙara kuɗin ruwa ya tsuke bashin da ake ba 'yan kasuwar da ke hulɗa da Amurka. A farkon 1837 farashin auduga ya karye, manyan dillalanta a New Orleans suka durƙushe. Ranar 10 ga Mayun 1837 bankunan New York suka daina ba da tsaba a madadin takardunsu, sauran bankunan ƙasar suka bi sahu.

Shikago ta zama birni a hukumance ranar 4 ga Maris na shekarar, da mutum 4,170, Ogden ne kuma magajin garinta na farko. Wata biyu kacal bayan haka masifar ta iso. Sababbin masu saye suka ɗauke ƙafa, wa'adin biyan kaso na biyu ya zo, kowa ya juya ga wanda yake bi, shi kuma ya juya ga na gabansa. Wanda ke ƙarshen sarƙar ba shi da komai sai fuloti, fulotin kuwa ba mai taya shi. Ba a ma iya cewa farashi ya sauka a watannin farko, kasuwar ce ta tsaya cak. Masanin tattalin arziki Homer Hoyt, wanda ya buga littafi kan tarihin farashin filayen birnin a 1933, ya ƙiyasta cewa darajarsu ta faɗo daga dala miliyan 10.5 a 1836 zuwa miliyan 1.4 a 1842.

Kuɗin kashewa ma ya zama aiki. Tsaba ta ɓuya, har 'yan kasuwa suka riƙa buga 'yan takardunsu na canji, 'yan kwangilar mashigi kuma aka riƙa biyansu da takardun alkawari. Maƙwabciyarsu Mishigan ta yi doka a 1837 da ta sauƙaƙa buɗe banki, sai wasu suka kafa bankuna a cikin dazuzzukan da mai takarda ba zai iya kai wa ba balle ya nemi tsaba. Masu binciken jihar sun tarar da akwatunan da aka cika da ƙusa da fasassun gilashi aka shimfiɗa azurfa a sama, sun kuma gano cewa zinariya ɗaya ce ake gudu da ita daga banki zuwa banki tana riga su isa. Takardun waɗannan bankuna sun shigo Shikago, kuma leburan da aka biya da su shi ya kwana a ciki. Jihar Illinois kanta ta ƙara wa kanta kaya, domin a farkon 1837 ta amince da ayyukan layin dogo da na koguna na kusan dala miliyan 10, duk a kan bashi, kuma Abraham Lincoln, yana matashin ɗan majalisar jiha, na cikin masu goyon baya. A 1841 jihar ta kasa biyan kuɗin ruwan bashinta, a 1842 bankinta ya rushe, aikin mashigi ya tsaya.

To me ya sa garin bai watse ba alhali farashi ya faɗi haka? Domin farashin 1836 ba na garin da ke ƙasa ba ne. Na birnin da ake hange ne, mai mashigi da jirage da dubban ɗaruruwan mutane, kuma an biya shi da alkawuran da wa'adinsu shekara uku ne. Hangen daidai ne, lissafin lokacin ne ya kuskure: sun ga hadari sun zubar da ruwan tulu, ruwan saman kuwa sai bayan shekara goma sha biyu ya sauka. Wanda ya sayi fulotinsa da kuɗinsa ya iya jira. Wanda ya saya da bashi aka ƙwace, ko ya nemi mafaka a dokar karyewar arziki ta 1841. Mutanen garin dai sun ɗan ƙaru, 4,470 ne a ƙidayar 1840, domin manoman da suka sayi gonaki don noma suna nan suna kaftu.

Su ne suka tashe shi. A 1838 aka yi lodin alkama ta farko daga Shikago zuwa gabas, abin da bai fi tan biyu da 'yan kai ba. Cikin 'yan shekaru keken shanu da na dawaki suka fara jerin gwano daga gonaki masu nisan kwanaki, su sauke alkama su ɗauki gishiri da katako. Kuɗin da za a yi wannan ciniki kuma wani ɗan Sikotlan ne, George Smith, ya samar. Ganin yadda jama'a suka tsani sunan banki, a 1839 ya nemi lasisin kamfanin inshora a yankin Wisconsin, ya riƙa ba da takardun shaidar ajiya masu kama da kuɗi. Duk wanda ya kai takardar ana biyansa, ko da an yi masa rububi, sai mutane suka yarda da ita fiye da ta bankunan da doka ta sani. A farkon shekarun 1850 takardunsa da ke yawo sun haura dala miliyan ɗaya.

Mashigin kuwa an koma aikinsa a 1845, bayan masu bin jihar bashi sun ƙara ba da rancen dala miliyan 1.6, aka buɗe shi a Afrilun 1848 da tsawon mil 96. A shekarar aka kafa kasuwar hatsi ta birnin, a shekarar kuma jirgin ƙasa na farko ya tashi daga Shikago a kan layin da Ogden ya jagoranci ginawa, da jarin da ya bi ƙauyuka yana tarawa a hannun manoma. A ƙidayar 1850 mutanen birnin sun kai 29,963.